Shanyewar jiki bayan korona: wa ke sake miƙewa, wa ke zama a keke?

Tsakanin 28 ga Fabrairu da 21 ga Maris na 2020, lokacin da korona ke cin karenta babu babbaka a arewacin Italiya, asibitoci uku na yankin sun kwantar da masu cutar kimanin dubu ko fiye. A cikin waɗannan kwanakin ne ma, ranar 19 ga Maris, aka sanar da mutum na farko da ya kamu a Yamai. Daga cikin majinyatan na Italiya akwai mutum biyar da ciwonsu ya sauya hanya. Kwana biyar zuwa goma bayan zazzaɓi da tari sun fara, sai huɗu daga cikinsu suka ji ƙafafu na sagewa, ƙarfi na zarewa daga ƙasa yana hawowa sama. Na biyar kuwa fuskarsa ce ta fara saki ta ɓangarorin biyu. Uku sai da aka ɗora su a kan na'urar taimaka wa numfashi.

Likitocin sun rubuta halin da kowannensu ke ciki mako huɗu bayan an yi musu magani, aka buga a mujallar New England Journal of Medicine cikin Afrilun shekarar. Biyu na nan kwance, na'ura na yi musu numfashi. Biyu sun sauka daga na'urar ko ba su hau ta ba, amma ƙafafunsu a mace, hannuwansu da ƙyar suke motsi. Mutum ɗaya tak ne ya koma gida yana taka ƙasa da ƙafarsa. Ciwo ɗaya, magani iri ɗaya, ƙasa mai manyan asibitoci, amma makoma ta bambanta haka.

Sunan ciwon Giyan-Bare. A takardar likita za ka gan shi an rubuta Guillain-Barré, sunayen likitocin sojan Faransa biyu da suka bayyana shi a 1916, su da abokin aikinsu Strohl, bayan sun duba wasu sojoji biyu a lokacin yaƙin duniya na farko. Wato ya girmi korona da shekara fiye da ɗari. Yana kama mutum ɗaya zuwa biyu cikin dubu 100 a kowace shekara, ya fi kama maza, kuma haɗarinsa na ƙaruwa da shekaru, ko da yake bai bar yara da samari ba.

Garkuwar jiki ce ke kuskuren abokin gaba

Jijiyoyin da ake magana a nan ba na jini ba ne. Su ne waɗanda ke ɗauko saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka su kai wa hannu da ƙafa, su kuma dawo da labarin zafi, sanyi ko taɓawa. Kamar wayar wuta suke: akwai zaren ciki, akwai rigar da ta lulluɓe shi. Idan wata ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki na haɗa makaman yaƙarta. A jikin wasu tsirarun mutane, makaman na juyowa su afka wa rigar jijiyar, wani lokaci har zaren cikin. Ƙwayar cutar da ta tayar da faɗan takan riga ta tafi, ta bar jiki na cin kansa. Shi ya sa ba a ɗaukar Giyan-Bare daga wani. Mai jinya zai iya wanke majinyaci, ya ci abinci tare da shi, babu abin da zai same shi.

Kusan biyu cikin uku na masu ciwon sukan tuna sun yi zawo, mura ko tari a makonnin da suka gabata. Babbar mai tayar da shi a duniya ita ce wata ƙwayar zawo mai suna kampilobakta, wadda ake samu a naman kajin da bai dahu ba, madarar da ba a tafasa ba da gurɓataccen ruwa. Cutar Zika ma ta yi haka a tsibiran Polineziya na Faransa a 2013 da 2014, inda aka samu mutum 42. Ƙasar Peru ta kafa dokar ta-ɓaci kan Giyan-Bare a Yulin 2023, birnin Pune na Indiya kuma ya ga ɓarkewarsa a farkon 2025, duka biyun ana danganta su da ƙwayar zawon nan.

To korona fa? A nan masana sun ɗan ja da juna. Wani bincike a arewacin Italiya ya ƙirga masu Giyan-Bare 34 a watannin Maris da Afrilu na 2020, 30 daga cikinsu ɗauke da korona, adadin kuma ya ninka na bara fiye da sau biyu da rabi. A Birtaniya kuwa akasin haka aka gani: daga Maris zuwa Mayun 2020 adadin ya ragu idan aka kwatanta da shekarun baya. Wannan ba abin mamaki ba ne sosai. An kulle mutane a gida, an rufe gidajen abinci, kowa na wanke hannu, sai zawo da murar da suka saba tayar da ciwon suka ja baya. Daga baya manyan bincike suka fi fayyace lamarin. Wanda aka yi a Ingila kan mutum miliyan 32, aka buga a 2021, ya nuna ƙarin mutum 145 na samun Giyan-Bare cikin kowane miliyan 10 da gwaji ya nuna sun kamu da korona. Wani a Isra'ila a 2023 ya gano haɗarin na ninkawa kusan sau shida cikin mako shidan da ke biyo bayan kamuwa. Alaƙar dai akwai ta, amma abin ba kasafai yake faruwa ba: a cikin mutum dubu 100 da suka yi korona, ɗaya ne ko biyu.

Maganar rigakafi ba za a tsallake ta ba, tunda an sha tafka muhawara a kanta a fada da rukunonin WhatsApp. Gaskiya ne hukumomin magunguna na Turai da Amurka sun sa Giyan-Bare cikin illolin da ba kasafai ake gani ba na allurar Johnson & Johnson a 2021, Turai ta ƙara da ta AstraZeneca, kuma duka biyun an yi su a Nijar. Sai dai binciken Ingilan nan ya auna su gefe da gefe: ƙarin mutum 38 cikin miliyan 10 bayan allurar AstraZeneca ta farko, a gaban 145 na bayan cutar kanta. Allurar Pfizer kuwa ba a ga ta ƙara haɗarin ba.

Mizanin mataki bakwai

Likitoci ba sa auna makomar mai Giyan-Bare da "ya ji sauƙi" ko "da dama-dama". Suna da mizani tun 1978, daga sifili zuwa shida. Sifili shi ne lafiya lau. Ɗaya, akwai ƴan alamu amma yana iya gudu. Biyu, yana tafiyar mita goma shi kaɗai amma ba ya iya gudu. Uku, sai da sanda ko an riƙe shi. Huɗu, yana gado ko keken guragu. Biyar, na'ura ke masa numfashi. Shida, rai ya yi halinsa. Iyakar da ta fi muhimmanci tana tsakanin biyu da uku, domin a nan ne ake rarrabe wanda zai kai kansa ban-ɗaki da wanda sai an kai shi.

Ciwon na da tafiyarsa da aka sani. Yana tsananta na kwanaki, yawanci ya kai maƙura cikin mako biyu, ba ya wuce huɗu. Sai ya tsaya cak na kwanaki ko makonni, sannan ya fara saki a hankali. Kimanin ɗaya cikin huɗu ko biyar na buƙatar na'urar numfashi. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce uku zuwa biyar cikin ɗari na rasuwa ko da an ba su kulawa mafi kyau. Bayan wata shida, kusan takwas cikin goma na tafiya ba tare da taimako ba. Sauran biyun su ne ke zama da sanda ko keke, wasu su ci gaba da samun sauƙi har shekara biyu ko uku, wasu kuma su tsaya a nan.

Ga wanda ya saba ganin shanyewar ɓarin jiki ko shan inna, wannan labari ne daban. A Giyan-Bare, mutumin da a yau ko yatsa ba ya iya ɗagawa, akwai kyakkyawan zaton ya sake hawa babur ɗinsa, muddin dai numfashinsa bai yanke ba a makonnin farko.

Shin na bayan korona ya fi muni? Rahotannin farko sun tsorata mutane, kuma da dalili. A Italiya masu korona sun fi sauran rauni, sun fi shiga sashen kula da masu ciwo mai tsanani. A Birtaniya, bakwai cikin 13 da aka tabbatar sun yi korona sai da aka zura musu bututun numfashi, alhali cikin 22 da ba su yi ta ba biyar ne kawai. Amma da masu binciken suka duba yadda raunin yake, da sakamakon gwajin jijiya, da yadda aka ƙare, ba su ga wani bambanci ba. Yawan hawa na'urar sun danganta shi da huhun da korona ta riga ta lalata. Nauyi biyu ne a kan ƙirji ɗaya: huhu ya kumbura, naman da ke jan numfashi kuma ya saki. Ƙari a kan haka, galibinsu dattawa ne. A wani babban binciken ƙasa da ƙasa da jami'ar Erasmus ta Rotadam ke jagoranta, majinyata 11 cikin 49 da aka ɗauka a farkon annobar sun yi korona kafin ciwon, kuma dukansu sun haura shekara 50. Da yawansu fuska ta saki, kuma nau'in da ke cin rigar jijiya ne ya fi yawa a cikinsu.

Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi. Idan rigar ce kawai ta lalace, jiki na iya sake saƙa ta cikin makonni ko watanni. Idan zaren cikin ya yanke, sai ya sake tofowa daga tushe, kuma ba ya wuce kusan milimita ɗaya a rana, wato kamar santimita uku a wata. Auna daga ƙugu zuwa babban yatsan ƙafa ka ga yawan watannin. Nau'in da ke cin zaren ya fi biyo bayan zawo, shi ya sa ma'aunin hasashen da aka haɗa a Rotadam ke duba abu uku: shekarun majinyaci, ko ya yi zawo kafin ciwon, da kuma iyakar raunin gaɓɓansa a makon farko. A ganina, ga mazaunin Maraɗi ko Tawa, tsiren kazar da bai gasu ba da ruwan da ba a san asalinsa ba sun fi korona zama abin tsoro ta wannan fuska.

Akwai kuma wani rauni da ake rikita shi da Giyan-Bare. Wanda ya daɗe kwance a kan na'ura saboda korona mai tsanani yakan tashi da jijiyoyi da nama sun yi laushi, saboda doguwar jinyar kanta. Wannan ba garkuwar jiki ba ce ta jawo shi, maganinsu kuma ba ɗaya ba.

Abin da mizanin ba ya gani

Mutum na iya komawa mataki na ɗaya a takarda, rayuwarsa kuwa ba ta koma yadda take ba. Fiye da rabin waɗanda suka warke na fama da wata irin gajiya da barci ba ya kore ta. Aƙalla ɗaya cikin uku na jin ciwo bayan shekara guda, zafi kamar wuta a tafin ƙafa ko suka kamar allura. Wasu ƙafar ce ke langaɓewa daga idon sawu, suna tafiya suna jan takalmi. Wasu yatsun hannu ne ba sa riƙe ƙaramin abu. Ga ma'aikacin ofis wannan ɗan cikas ne. Ga tela, makaniki, mai gyaran waya ko ɗan kabu-kabu da ke canza giya da ƙafar hagu, sana'ar ce gaba ɗaya ta tsaya. Ko a Turai, inda ake da inshora da kuɗin naƙasa, da yawa sun sauya aiki ko sun rage shi bayan ciwon.

Sannan ga abin da masu jinya kan manta: hankalin majinyacin na nan garau. Ko da ba ya iya magana, ko ido ba ya rufuwa, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa. Ƴan dubiya da ke tsayawa bakin gado suna lissafin ko zai kai gobe, yana jin su. Gara a yi yarjejeniya da shi tun da wuri, ƙiftawa ɗaya na nufin e, biyu a'a, a riƙa gaya masa ranar da ake ciki da abin da likita ya ce. Firgici da baƙin cikin waɗannan makonni na bin wasu har bayan ƙafafu sun dawo.

Inda aljihu ke yanke hukunci

Magani biyu ne aka tabbatar suna gajarta ciwon. Na farko imunoglobulin, sinadaran kariya da ake tacewa daga jinin dubban masu ba da gudummawa, a sa wa majinyaci ta ƙarin ruwa kwana biyar a jere, giram biyu a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 na buƙatar giram 120. Na biyu canjin ruwan jini, inda na'ura ke fitar da ruwan da ke ɗauke da makaman da suka juya wa jiki baya, a maye shi da wani, kamar sau biyar cikin mako ɗaya zuwa biyu. Amfaninsu kusan ɗaya ne. Imunoglobulin ya fi aiki idan an fara shi cikin mako biyun farko, canjin ruwan jini cikin huɗu. Sake maimaita imunoglobulin karo na biyu ga wanda bai motsa ba, an gwada shi a Holan, sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna bai ƙara komai ba sai illa.

Ƙasar da halinta ya fi kama da namu a cikin binciken ƙasa da ƙasan nan ita ce Bangaladash, inda galibin majinyata ba sa samun ko ɗaya daga cikin magungunan biyu. A can, a lokacin binciken, kuɗin imunoglobulin na babban mutum ya kai dala dubu 12 zuwa 16, wato ya haura sefa miliyan shida. Canjin ruwan jini kuma wajen dala dubu biyar. Rahoton 2018 ya nuna 17 cikin ɗari sun rasu a Bangaladash, a gaban biyar cikin ɗari a Turai da Amurka. Bayan shekara guda, 69 cikin ɗari na Bangaladash ke tafiya da kansu, a Turai da Amurka 83. Ba duka bambancin ne na kuɗi ba, domin nau'in da ke cin zaren jijiya ya fi yawa a can. Amma a lura da adadin: ko inda magani mai tsada bai isa ga mutane ba, kusan bakwai cikin goma sun miƙe. Abin da ke kashe mai Giyan-Bare shi ne yankewar numfashi, ciwon huhu daga abincin da ya bi ta hanyar iska, gudan jini a ƙafa da ke tafiya huhu, da bugun zuciya ko hawan jini da ke rikicewa. Da yawan waɗannan kulawa ce ke tare su, ba magani na miliyoyi ba. Likitocin Bangaladash ma sun gwada wata hanya mai sauƙin kuɗi ta canza ruwan jini kaɗan-kaɗan da jakar jini ta yau da kullum, suka ga ana iya yin ta lafiya, ko da yake gwajin na mutum 20 ne kacal.

Nijar ta ƙirga masu korona ƙasa da dubu goma a hukumance, da rasuwar mutum ɗari uku da ƴan kai. Adadin na waɗanda aka gwada ne. OMS ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun haɗu da ƙwayar cutar, kuma ainihin adadin ya ninka wanda aka rubuta kusan sau ɗari. An janye dokar ta-ɓacin duniya kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, amma ƙwayar na nan tana yawo a matsayin mura. Wanda ƙafafunsa suka saki mako biyu bayan "ƴar mura" ba zai taɓa haɗa abubuwan biyu ba, kuma ba lallai ne ya haɗa ba. Ko korona ce ta tayar da shi ko zawo, gwaji ɗaya ne, magani ɗaya.

Inda ake asarar kwanaki shi ne a gida. A ce saurayi ne ya kwana lafiya, ya tashi yana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, jibi ya kasa hawa matakala, gata ya kasa tashi daga tabarma. Tunanin farko a unguwa shi ne jifa ko iska, sai a fara hayaƙi da shafe-shafe. Addu'a ba ta hana ɗaukar mutum zuwa likita, ana iya yin ta a cikin mota. Alamun da ke raba wannan ciwo da sauran su ne: raunin na ɓangarorin biyu daidai, yana hawowa daga ƙasa, yana ƙaruwa daga yau zuwa gobe, mutum kuma na cikin hayyacinsa. Shanyewar ɓarin jiki gefe ɗaya take kamawa, kuma nan take. Idan ya fara ƙwarewa da ruwa, ko ya kasa ɗaga kai daga matashi, ko ya ja dogon numfashi ya kasa ƙirga ɗaya zuwa ashirin kafin ya ƙare, to ba a jiran gari ya waye. Wurin zuwa shi ne babban asibiti mai sashen reyanimasiyo da na'urar numfashi, a Yamai, Damagaram, Maraɗi ko mafi kusa, kuma a gaya wa ma'aikatan CSI hakan ƙarara idan ta can aka fara. Likita zai buga gwiwa da ƴar guduma ya ga ƙafa ba ta harbawa, wataƙila ya ɗebi ruwan ƙashin baya kamar yadda ake yi wa wanda ake zargin sanƙarau. Idan yaro ne ɗan ƙasa da shekara 15, akwai tsarin sa ido kan shan inna da ya wajabta a kai rahoton duk wata shanyewa ta farat ɗaya, a ɗauki bayan-gidansa sau biyu cikin kwana 14; Giyan-Bare na cikin abubuwan da aka fi ganowa ta wannan hanya, kuma yara sun fi manya saurin murmurewa.

Ƴan ci-rani da ake bugo wa waya a ce a turo kuɗin magani, ga abin lura. A nemi hoton takardar likita a ga sunan ciwon kafin a sayi komai. Deksametazon, wanda ya ceci masu korona mai tsanani kuma ake samunsa hannun masu tallar magani a kasuwa, ba ya yi wa Giyan-Bare amfani. An gwada ire-irensa an ga haka. Haka ma tarin allurar bitamin. Kada kuma a ƙarar da komai a makon farko, domin jinyar doguwa ce, kuma ana rasa wasu ne bayan an sauko da su daga na'ura, lokacin da kowa ya saki jiki. Akwai katifa mai laushi da za a saya, da mutumin da zai riƙa juya shi kowane awa biyu don gudun gyambon kwanciya. Akwai motsa kowace gaɓa a kullum tun yana gado, domin idon sawun da aka bari ya ƙage ba zai taka ƙasa daidai ba ko da jijiyar ta farfaɗo. Sai kuɗin zirga-zirga zuwa wurin kine, likitan motsa gaɓɓai, sau biyu ko uku a mako na tsawon watanni, da ɗan takalmin roba mai tallafe ƙafa ga wanda tasa ta langaɓe. Idan aka ga ya fara samun sauƙi sai kuma ya sake komawa baya, a mayar da shi asibiti: kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa magani na yin haka a wata biyun farko, kuma a irin wannan halin likitoci kan sake ba da maganin.